Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Fashi, Hukunci da Zargin Baƙi a Ƙasar Kurfai

A ƙasar Kurfai, idan ɓarayi suka haura gida da dare, suka sari maigida da adda, suka kwashe kuɗin bijimin da ya sayar ran Lahadi a kasuwar Filinge, to kafin jandarmomi su iso an riga an gama shari'a a bakin masallaci da rumfunan masu shayi. Hukuncin kuwa kalmomi biyu ne da kowa ya haddace: baƙi ne, a kashe su. Ba a ga fuskar kowa ba, ba a bi sawu ba, amma an san ƙabilar ɓarawo, an san ta inda ya shigo ƙasa, an kuma san abin da ya cancanta. Waɗannan kalmomi biyu sun yi kauri a bakin jama'a har sun shiga aji da dandalin wasan kwaikwayo, don haka ya wajaba masu riƙe da alli da masu riƙe da al'ada su zauna su auna su.

Wanda aka yi wa fashi yana da haƙƙin fushi, kuma babu mai ikon yi masa wa'azin haƙuri daga inuwa. Manomin da ya yi shekara huɗu yana kiwon sa guda don aurar da ɗiyarsa, dare ɗaya aka raba shi da kuɗin, aka bar masa hannu shanyayye, asararsa ta wuce ta dukiya. Iyalinsa sun daina barci, shi kuma ya daina yarda da maƙwabci. Sai dai mafi yawan masu ɗaga murya ba su ne aka sara ba. Aron hawayensa suke yi su wanke tsohuwar ƙiyayyar da ke cikinsu, shi kuwa su bar shi da takardar asibiti da rumbu wayam.

Wane ne ma baƙon? A bakin masu wannan zargi kalmar kamar danƙo take, tana miƙewa gwargwadon bukata. Yau tana nufin ɗan gudun hijirar Mali da ya sauka Abala tun 2012. Gobe tana nufin Bafulatanin da kakanninsa suka shayar da shanu a rijiyoyin Dallol Boso tun kafin Bature ya kafa bariki a Filinge. Jibi kuma Buzu ne, ko mai tallar koli da ya fito daga Sakkwato. Mutumin da aka haifa a nan, yake biyan haraji a nan, ya binne iyayensa a nan, dare ɗaya sai ya koma baƙo domin an yi sata a wani ƙauye. Alhali labarin da Kurfayawa ke bayarwa da bakinsu ya nuna kakanninsu daga gabas suka taso, ta wajen Adar, suka sauka wannan kwari suka sare daji. Dallol hanya ce tun fil azal, kuma kowa a cikinsa yana da ranar da ya iso.

Hankali kaɗai ya isa ya rushe rabin zargin. Ɓarawon da ya wuce ɗakuna uku ya nufi na huɗu, inda akwatin yake, wani ne ya kwatanta masa. Wanda ya zo daren Lahadi, bai zo daren Asabar ba, ya san an yi ciniki, ya san nawa aka biya. Saniyar da aka kora kuma ba ta narkewa a iska: sai da dillalin da zai kau da ido daga shaidar da ke jikinta, da mahaucin da zai yanka kafin gari ya waye, da mai motar da zai loda ba tare da tambaya ba. Waɗannan duka masu sunaye ne, masu gidaje, ana gaisawa da su kullum. Hausawa sun daɗe da cewa da ɗan gari akan ci gari. Kiran sunan baƙo ya fi sauƙi ne kawai domin baƙo ba shi da kawu a fada, ba shi da surukin da za a ji kunya.

Akwai gaskiya a wani gefen maganar, kuma ɓoye ta rashin adalci ne. Iyakar Mali tana kusa, kuma tun rushewar Libiya a 2011 da yaƙin arewacin Mali a 2012 bindiga ta yi araha a wannan daji. A 9 ga Janairun 2020 an kashe sojoji 89 a Shinagodar. A 15 ga Maris na 2021 an tare motocin masu dawowa daga kasuwar Banibangu, aka kashe mutum 58. Ƙauyuka da dama sun ga masu babura suna ƙirga shanu suna karɓar abin da suka kira zakka. Wannan yaƙi ne, kuma lalle yana da ƙafa a ƙetaren iyaka. Amma waɗanda suka bibiyi tushensa sun nuna cewa da yawa daga cikin mayaƙan ƴaƴan Nijar ne, kuma hanyar da ta kai su ga bindiga ta faro ne daga satar shanu ta shekarun 1990 da 2000, lokacin da makiyayan arewacin Tilaberi suka yi ta kai ƙara ana kore musu garke, ba a kama kowa ba, ba a mayar da ko maraƙi ba. Satar da ba a yi wa shari'a ba ita ta yi renon abin da ake kuka da shi yau. Ɗan gudun hijirar Abala kuwa, waɗannan masu babura ne suka kore shi daga gidansa. Haɗa shi da su a jimla ɗaya zalunci ne a kan zalunci.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne a ji wannan zargi a ƙasar da ta rayu da tafiya. Tun shekarun 1920 samarin Kurfai da na Zabarmawa ke gangarawa Kurmi bayan girbi, suna gudun haraji da aikin dole, suna dako da sassabe da tallar itace a Kumasi da Akra. Ko bautar Hauka, wadda ta ɓulla a 1925 a yankin Cikal a hannun wata mata mai suna Shibo har Turawa suka murƙushe ta, ƴan cin rani ne suka kai ta Akra, inda Jean Rouch ya ɗauke ta a fim a tsakiyar shekarun 1950. Kuɗin Kurmi ya biya haraji, ya yi sadaki, ya sayi hatsi a shekarun fari. Sai ga 18 ga Nuwamban 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana. Daga cikin hujjojin da aka kafa har da cewa baƙi ne ke cika gidajen kaso, su ne ɓarayi. Mutanen da suka yi shekara talatin a zango suka sayar da shaguna a wulaƙance, suka hau manyan motoci da tabarma da buta.

Shekara goma sha uku bayan haka aka maimaita karatun a Nijeriya. Man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, an ɗora tarzomar Maitatsine ta 1980 a Kano a kan baƙi, aka kuma yi ta yaɗa cewa baƙi ne suka yi fashi a gidan mataimakin shugaban ƙasa, Alex Ekwueme. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba da wa'adin mako biyu, mutane wajen miliyan biyu suka fice, akasarinsu ƴan Gana, amma da ƴan Nijar masu yawa a ciki. Shin fashi ya ƙare a Nijeriya da tafiyarsu? A 1986 Lawrence Anini ya hana birnin Benin barci, kuma ɗan ƙasa ne haifaffen yankin. Da aka kama shi sai ga wani babban jami'in ƴan sanda, George Iyamu, a cikin masu ba shi makamai da labari; dukansu an harbe su a 1987. A shekarun baya-bayan nan ma, tun daga 2014, dubban ƴan Nijar Aljeriya ta kwaso zuwa iyakar Asamaka. Duk gidan da ke Filinge yana da wanda wata rana aka nuna da yatsa a wata ƙasa aka ce ga ɓarawo, alhali gumin goshinsa yake ci. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Wanda ya sha wannan ɗaci a Kumasi, in ya dawo gida ya ɗura wa wani, to bai koyi kome daga tafiyarsa ba.

Saura kalma ta biyu, wato a kashe su. Masu faɗinta suna ɗauka doka ce ta yi laushi. Kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa gyara a 2003, ya tanadi ɗauri mai tsawo ga satar da aka yi da dare, ko cikin taro, ko da makami, har da hukuncin kisa ga wasu nau'o'in fashi da satar dabbobi in an haɗa da fyaɗe ko bindiga. Gaskiya ne rabon da Nijar ta zartar da kisa tun 1976, amma maƙwabciyarta ta gwada wannan magani har ƙarshensa. Daga 1970 Nijeriya ta mayar da fashi da makami laifin kisa, aka riƙa ɗaure ƴan fashi a jikin ganguna ana harbewa a bainar jama'a. A 1971 dubban mutane suka taru a bakin teku a Legas suka kalli harbin Ishola Oyenusi. Shekara goma sha biyar bayan wannan kallo aka yi Anini. Ɓarawo ba ya lissafin nauyin hukunci lokacin da yake haura katanga. Abin da yake lissafi shi ne ko za a kama shi. Inda ya tabbata ba za a kama shi ba, ko an rubuta wuta a cikin doka bai dame shi ba.

Nan ne ciwon yake. Talakan da aka yi wa fashi a wani ƙauyen Kurfai sai ya biya kuɗin mota zuwa Filinge, ya ciyar da shaidunsa, ya dawo an ɗage, ya sake dawowa. Babbar kotun jiha tana Tilaberi, tafiya mai nisa da tsada. Da yawa sukan yi lissafi su ga kuɗin neman haƙƙi ya fi abin da aka sace, su bar wa Allah. Wanda aka kama kuma, ko da laifi ko babu, yakan yi watanni ko shekaru yana jiran alƙali. A shekarun 2010 fiye da rabin mazauna gidajen kason ƙasar ba a yanke musu hukunci ba. Duniya ta san sunan gidan kason Filinge a Nuwamban 2015, lokacin da aka kai Hama Amadu, wanda daga can ya yi takarar shugaban ƙasa ta 2016. Lauyoyi da ƴan jarida sun ƙirga masa kwanaki ɗaya bayan ɗaya. Yaron makiyayi da aka kamo domin an ga sawun shanu ya bi ta kusa da rugarsu, babu mai ƙirga nasa. In ya fito bayan shekara biyu ba tare da an tabbatar masa da kome ba, garkensa ya watse, zuciyarsa ta ƙeƙashe, kuma masu babura sun san inda za su same shi.

Ƙarshen hanyar hukuncin gayya ba ɓoyayye ba ne a tarihin Nijar. A 30 ga Oktoban 1991, ana tsakiyar Taron Ƙasa a Yamai, rikicin gona da kiwo a Toda, cikin jihar Maraɗi, ya kai manoma suka far wa Fulani, aka kashe sama da mutum ɗari, akasarinsu mata da yara. Babu ko ɗaya cikin yaran nan da ya taɓa sakin saniya a gonar wani. An hukunta su ne da sunan ƙabila, domin an daɗe ana nanata cewa duk ɗaya suke. Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa sun haɗu a kan ƙa'ida guda: laifi na mai shi ne, kuma sai da hujja. Malaman fiƙihu ma sun tsananta sharuɗɗan haddi har suka ce shakka tana kawar da shi. Mai kiran a kashe kafin a bincika ba shi da mafaka a ɗaya daga cikin biyun.

Malaman lakwal da ƙungiyoyin raya al'adu suna da hannu a wannan lamari fiye da yadda suke zato. A cikin aji ne yaro ke fara kiran ɗan'uwansa ɗan ɓarayi domin harshen gidansu dabam ne, kuma shirun malami a wannan lokaci darasi ne. A dandali ne ake ba ɓarawon wasan kwaikwayo karin harshen Fulani ko rawanin Buzu don a sa mutane dariya. Wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, yana da ƙa'ida: Ba'are da Bafulatani suna zolayar juna ido da ido, kowa na ramawa, a tashi ana dariya. Zargin da ake yi a bayan ido, ranar da aka zubar da jini, ba ya cikin wannan gado, kuma masu tsaron gadon ne ya kamata su fara faɗin haka.

Akwai aikin da ya fi ihu amfani. Tsofaffin da suka dawo daga Gana a 1969 da Legas a 1983 suna ƙarewa. A ɗauki muryoyinsu, a kai su aji su ba da labarin ranar da aka kira su ɓarayi. A matsa wa magadan gari da sarakuna su sa a riƙa rubuta kowace dabba da aka sayar a kasuwannin Filinge, Abala da Baleyara, da shaidar jikinta da sunan dillalin da ya tsaya mata, domin kayan sata su rasa mai saye. A nemi alƙalai su riƙa fita zaman shari'a a ƙauyuka, a gaban waɗanda aka cuta, a kuma sa biyan diyya cikin hukunci, don mutumin da aka sara ya ga wani abu ya dawo hannunsa. Wanda aka tabbatar ya shiga gidan mutane da makami, a ɗaure shi gwargwadon abin da doka ta ce, ko ɗan Mali ne ko ɗan mai gari, a kira sunansa da na ubansa a fili. Manomin da ya rasa kuɗin bijiminsa wannan sunan yake son ji, tare da sunan wanda ya nuna ɗakin.