Sanfulawa ko gyaɗarmu?

Jama'a, kwana biyun nan sai turo mana bidiyo ake yi a WhatsApp kan 'ya'yan sanfulawa, wai maganin komai. Ba a ce ba su da amfani ba: akwai bitamin E, da furotin kusan giram 21 cikin giram 100. Amma gyaɗa ai kusan 25 gare ta! Abincin da ake ba yara masu tamowa a asibiti ma, da gyaɗa da madara ake haɗa shi. To don me uwa a Darna Sabon Gari za ta takura kanta neman 'yar leda mai tsada, ga gyaɗa da riɗi jibge a kasuwar Illela? A dama wa yara kunun gyaɗa kawai. Sai dai a tsince mai fumfuna a zubar, tana illata hanta.