Jarumin Da Ya Fita Neman Rabuwa Da Mulki

Akwai wani irin ƙagaggen labari da Turawa ke ji da shi, wanda marubuci kan ƙirƙiro duniya sukutum, da sarakunanta da harsunanta da tarihinta, sa'an nan ya haɗa yaƙi tsakanin alheri da sharri. Wasu kan ce ai tatsuniya ce ta yara. To, kafin a yanke hukunci, ya kamata a dubi aikin jagoran wannan fanni, wato J.R.R. Tolkien, shehun malamin harsuna a Jami'ar Oksfod ta Ingila, wanda ya rasu a 1973.

Littafinsa The Lord of the Rings ya fito kashi uku tsakanin 1954 da 1955. Daga 2001 zuwa 2003 kuma Peter Jackson, mutumin Niyu Zilan, ya mai da shi finafinai uku, na ƙarshensu ya cinye lambobin Oscar 11.

Mai karatu ya saba da jarumin da kan fita neman abu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya shiga gasar 1933, Alhaji Imam ya keta ƙasashe don ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Shi kuwa Tolkien sai ya juya lamarin. Tun farkon labari abin nema yana hannu: zobe ne wanda azzalumi Sauron ya ƙera don ya mallaki duniya. Aikin Frodo, ɗan ƙauye gajere marar ƙarfi, shi ne ya kai zoben dutse mai aman wuta inda aka ƙera shi, ya jefa.

Masu hikima irin su Gandalf sun ƙi karɓarsa, domin sun san duk wanda ya riƙe shi, ko da kyakkyawar niyya ce, ƙarshenta azzalumi zai koma. Shi kansa Frodo, da ya isa bakin wutar, sai ya kasa rabuwa da shi. Gollum, mahalukin da zoben ya lalata, wanda Frodo ya tausaya wa ya ƙi kashewa, shi ya ƙwace zoben ya faɗa wutar da shi. Ashe dai alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wanda ya rubuta wannan ya san abin da kwaɗayin iko ke jawowa. Tolkien ya halarci ɗauki ba daɗin kogin Somme a Faransa a 1916, kuma aminansa biyu na makaranta sun mutu a fagen fama a shekarar nan.

Saboda haka duk wanda aka damƙa wa ragamar jama'a, ko ta unguwa ko ta ƙasa, labarin nan nasa ne. Hawa kujera ba wuya, ranar sauka ake gane namiji. Allah ya tsare shugabanni daga giyar mulki, amin.