Martani: Na'ura Ba Ta Karɓar Haihuwa

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce gyaran harkar lafiya a Kebbi shi ne a sayo sababbin na'urori, a ƙara gine-gine. Ban yarda ba.

Gini muna da shi. Ga Asibitin Sir Yahaya, ga na Kalgo, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ta zama asibitin koyarwa. Wa zai sarrafa na'urar da kake kira a sayo? Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a ƙauyen fadamar Argungu, ga gulbi ya cika ya yanke hanya, ungozoma take buƙata, wadda ta san alamun jijjiga da zubar jini, ta san lokacin da za ta ce a garzaya babban asibiti.

Irin waɗannan ma'aikatan lafiya ake horarwa a kwalejin jinya ta Birnin Kebbi da ta kiwon lafiya ta Jega. Can ya kamata kuɗi ya fara zuwa, sannan albashi da masauki da za su hana ƙwararru ficewa Saudiyya da Ingila.

Don Allah, Malam, ka sake duba matsayinka.