Ƙirga Buhu Ba Shaida Ba Ne

Duk lokacin da abinci ya yi tsada, wuyan ƙaramin ɗan kasuwa mahukunta ke fara nema. Mutumin Disina da ya tara gero da wake, ya biyo ta Azare ya sauke a Mile 12 ta Ikko ko Sabo ta Ibadan, shi ake nunawa da yatsa a kira shi mai ɓoye kaya. Manyan da ke riƙe da lasin shigo da kaya kuwa, ba mai taɓa su.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Ƙayyade Farashi, wadda ta mai da ɓoye kaya laifin ɗauri. A 1984 Dokar Soja ta 20 ta sa hukuncin kisa a kan cinikin man fetur ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma toshe hanyar ɗaukaka ƙara. A Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta garƙame rumbuna a kasuwar Dawanau.

To, amma jerin kayan da dokar 1977 ta lissafa ya ƙunshi fulawa, sukari, gishiri, madara, ashana, man fetur, keke, babur da mota. Gero da dawa ba sa ciki. Ko a kan sukari ma, sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar cewa an ƙi sayarwa. Ganin buhu hamsin a sito bai isa ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki kowa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Shari'ar Musulunci ma haka ta ce: hujja tana kan mai da'awa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Saboda haka wanda aka ɗaure ba da shaida ba, kada ya naɗe hannu ya ce ƙaddara ce. Daga Babbar Kotu yana da kwana 90 ya kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara. In ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Taimakon Shari'a tun 1976. Wajibi ne sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Kudu su tsaya wa ɗan'uwansu, su karɓo masa kwafin shari'a kafin wa'adi ya cika. Wanda ya yi shiru yau, gobe a ƙofar sitonsa za a tsaya.