Digiri na Biyu a Kiwon Lafiyar Al'umma: Kafin Ka Sayi Fom

Tambaya ɗaya ke ta zuwa mini daga ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magunguna irina da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje: shin in nemi digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma, wato MPH, kuma a wace jami'a?

Da farko ka san abin da za ka saya. Wannan digiri ba ya ba ka izinin duba mara lafiya ko rubuta masa magani. A asibiti mutum ɗaya ne a gabanka, a nan kuwa unguwa ce ko ƙaramar hukuma sukutum. Za ka koyi yadda cuta ke yaɗuwa, da ƙididdiga, da tsaftar muhalli, da tsara manufofin lafiya. Wanda ya guje wa lissafi tun sakandare ya shirya, a nan za su sake haɗuwa.

Ka tuna lokacin da Ebola ta shigo Legas a watan Yuli na 2014. An samu mutum 20 da cutar, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da ita. Babban abin da ya taimaka shi ne bin sawun mutane kusan 900 da suka yi cuɗanya da marasa lafiyar, gida-gida, ana auna zafin jikinsu kullum har kwana 21. Cikin masu wannan aiki akwai ɗaliban shirin horar da masu binciken annoba da aka fara a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. A shirin nan yawancin lokacin ɗalibi a fagen aiki yake ƙarewa.

Saboda haka ma'aunina ke nan: kada sunan jami'a kaɗai ya ja ka. Ka tambaya wata nawa ɗalibai ke yi cikin jama'a suna tattara bayanai da hannunsu. Ka tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin. Ka nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku ka ji shekara nawa suka yi kafin su kammala kundin bincikensu, domin a nan mutane suka fi maƙalewa, musamman idan malamin da ke duba aikin ba ya samuwa. Ka kuma tambaya ko za a zaunar da kai gaban kwamfuta ka koyi manhajar ƙididdiga irin su SPSS ko Stata.

Sannan batun gida. Kuɗin makaranta somin-taɓi ne: akwai kuɗin mota, buga takardun tambayoyi da sallamar masu taya ka tattara bayanai. 'Yar'uwa, ki zauna da maigida tun yanzu ku tsara wa zai kula da yara ranakun lacca da lokacin jarrabawa. Mai aikin gwamnati kuma ya karɓi izinin tafiya karatu a rubuce, kada ya dogara da alkawarin baki.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya.