Sharhi: Tiyar da Ake Auna Rezo da Ita



Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1 daga Gidan Rumji, ya ratsa Maradi, ya wuce Cadawa da Agye har Gazawa, to tafe yake tare da wani siririn zaren gilashi da aka binne a gefen kwalta, wanda ya taso daga Yamai ya nufi Damagaram. Shi ne fibir optik. Muryarmu a waya, saƙonnin WhatsApp, kuɗin da ɗan ci-rani ke aiko wa iyayensa, duk a cikinsa suke gudu, an mayar da su haske. Sharhinmu na yau a kan ma'aunin abin da zaren nan ke ɗauka ne, domin wanda bai san ma'auni ba, ko an tauye shi ba zai gane ba.

Mu faro daga murya. Idan kana magana a wayar tarho, na'ura kan ɗebi muryarka sau 8,000 a daƙiƙa guda, kowace ɗiba ta rubuta ta da ƙwayoyin lissafi 8 da ake kira bit. Kira ɗaya yana cin bit 64,000 a daƙiƙa ke nan. A nan duniya ta rabu biyu. Amurka ta ɗaure kira 24 a layi guda mai suna T1, mai gudun megabit 1.544. Turai kuwa, da mu nan Afirka, muka ɗaure kira 30 a layin E1, mai megabit 2.048. Mai sayen aya a kasuwar Agye ya san wahalar da ke nan: in tiyarka da tiyar abokin cinikinka ba ɗaya ba ce, ciniki ba ya ƙulluwa sai kun daidaita a kan buhu.

An samu wannan daidaito a 1988. Amurka ta riga ta tsara nata ma'aunin na zaren gilashi, SONET, wanda matakinsa na farko megabit 51.84 ne. Hukumar sadarwa ta duniya da ke Janiba ta fito da tsarin SDH, ta ɗora matakinsa na farko, STM-1, a kan megabit 155.52, wato na Amurka sau uku cif. Saboda haka lissafin canjin ba shi da wuya: ka raba lambar Amurka gida uku, ka samu tamu. OC-3 na Amurka shi ne STM-1 namu. OC-12 shi ne STM-4, megabit 622.08. OC-48 shi ne STM-16, kusan gigabit biyu da rabi, OC-192 kuma STM-64, dab da gigabit 10. A cikin STM-1 guda ana zuba layin E1 har 63, kira 1,890 a lokaci ɗaya. Ba'amurke kuma ya zuba T1 guda 84 a wuri guda ɗin. Dabarar ta burge ni ƙwarai, domin babu wanda aka tilasta wa jefar da na'urorinsa, amma kiran Gazawa ya isa Niyok ba tangarɗa. Kamfanoni yau suna komawa ga sababbin tsare-tsare na intanet, sai dai waɗannan lambobi su ne tubalin da aka gina hanyoyin a kai.

Wani zai ce ina ruwan manomin Gidan Rumji da wannan lissafi? Ruwansa ne. Nijar ba ta da teku, akasarin abin da muke aikawa waje sai ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya shiga igiyoyin ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kot Dibuwar, har nan ƙasar aka ji a jika.

Akwai kuma lissafin da ya fi kusa da aljihunmu. Ana auna gudun layi da bit, amma abin da kake saya a waya da bayit ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. A cikin megabit 155 ɗin nan ma, na'urori na cire rabonsu don kula da layin, abin da ya rage wa jama'a bai cika 150 ba. Raba shi gida takwas, bai kai megabayit 19 a daƙiƙa ba. In mutum dubu suka hau layin tare ranar kasuwa, kowa kilobit 150 zai samu, wanda da ƙyar zai buɗe bidiyo. Sau da yawa ka ga sandunan rezo sun cika a wayarka amma saƙo ya ƙi tafiya. Eriya tana jin ka, layin da ke bayanta ne ya yi ƙunci.

Wucewar zare ta bakin gari ba ta nufin garin ya samu. Sai an kafa na'urar da za ta ciro rabon garin daga zaren, a ja shi zuwa eriya, asibiti, makaranta da ofishin magajin gari. Gazawa ta zama gunduma tun 2011, kuma gunduma na bukatar layin da zai ɗauki takardun haihuwa, bayanan likita da na cimaka ba tare da an hau babur zuwa Maradi ba.

Don haka nake kira ga hukumomin gari da sarakunanmu na Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Duk ranar da kuka zauna da wakilan Niger Telecom, Airtel, Moov ko Zamani, ko jami'an hukumar ARCEP mai sa ido a kansu, kada ku tsaya a kan "za a gyara rezo". Ku tambaya: megabit nawa aka sauke a garinmu? Eriya nawa ke raba shi? Da zare aka haɗa su ko ta iska? In layin ya yanke, ta wace hanya za a zagaya da mu? Ku nemi a ba ku amsar a rubuce da lambobi, ku kawo ta gidan rediyo mu karanta wa jama'a.