"Shi" Ko "Ita"? Matsayin Jinsi A Harshen Dokokinmu

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. To, idan haka take a fatar baki, ina ga wadda aka rubuta a kundin doka?

A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa kalmar "mace" a dokarsu ta daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Taƙaddamarsu a can tsakanin jinsin haihuwa ne da jinsin da mutum yake ɗaukar kansa. Mu kuwa tamu matsalar daban ce, domin sau da yawa dokokinmu ba sa ambaton mace sam.

Dubi Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Sashe na 131, mai bayanin wanda ya cancanci takarar shugaban ƙasa, da wakilin sunan namiji aka rubuta shi. Lauyoyi za su ce ai Dokar Fassara ta 1964 ta ce kalmar namiji ta haɗa da mace. Gaskiya ne. Amma sashe na 26 ya bai wa baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba, alhali sashe na 42 ya hana nuna bambancin jinsi. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da gyaran wannan sashe. Ashe zaɓin kalma yana iya raba mutum da haƙƙinsa.

Ni ɗan yankin Kafanchan ne, Hausa kuma harshena na biyu ce. Harsunanmu irin su Tyap da Jju ba sa bambanta namiji da mace a wakilin suna, shi ya sa za ka ji an ce "ya zo" alhali mace ake nufi. Daidaitacciyar Hausa kuwa dole ta zaɓa: kai ko ke, shi ko ita. Da Dakta Hadiza Balarabe, 'yar ƙaramar hukumar Sanga, ta hau kujera a 2019, nan take aka ce "mataimakiyar gwamna", ba a jira wata doka ba.

Saboda haka a ganina bai dace mai fassara takardun hukuma ya kwafo ɗabi'ar Ingilishin doka ba. Sanarwar asibiti da ta ce "duk wanda ya zo awo" ta saɓa wa hankali. A yi amfani da jam'i, tunda "su" ba ta da jinsi, ko a ambaci biyun: ɗalibi ko ɗaliba, ma'aikaci ko ma'aikaciya. Wasu za su ce takarda za ta yi tsawo. Ƙarin kalma ɗaya ya fi a bar rabin jama'a suna tambaya ko da su ake.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne masu fassara a kotuna da gidajen rediyo da ma'aikatu. Mu fara gyaran tun daga sanarwar ƙungiyarmu, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.